Wai Wace Ce Bebi, Jaririyar Gida Ko Budurwar Fim?

Da wuya ka shiga wata unguwa a ƙasar Hausa a yau, birni ko ƙauye, ka tsaya a bakin layi ka ƙwala kiran “Bebi!” a rasa wadda za ta waiwayo. Wata 'yar shekara uku ce tana wasan ƙasa a ƙofar gida, wata 'yar sakandare ce da hijabin makaranta, wata matar aure ce da goyo a bayanta, kai har akwai wadda ta kusa aurar da 'ya. Dukkansu Bebi ake ce musu, kowacce kuma tana amsawa. To, sai dare ya yi ka kunna fim, ka ga jarumi ya kishingiɗa a kan gado ya manna waya a kunne, ya kashe murya yana cewa, “Bebina, kin ci abinci kuwa?” Mai karatu, a kan wannan kalma nake so mu ɗan tattauna a wannan wata, domin ni dai a ganina mu 'yan harkar fim muna da hannu dumu-dumu a yadda ma'anarta ta juya, kuma akwai ƙananan yara mata da abin yake shafa alhali ba su san hawa ba balle sauka.

Bari mu fara da asalinta. Kalmar Ingilishi ce, ana rubuta ta baby, ma'anarta ta farko kuwa ita ce jariri ko jinjiri, mace ko namiji, tun daga haihuwa har ya fara tafiya. Ta haura shekara 600 a bakin Turawan Ingila, kuma masana harshe suna ganin daga gwarancin jarirai aka samo ta, wato irin “ba-ba-ba” ɗin nan da yaro yake yi kafin bakinsa ya buɗe. Daga nan Bature ya riƙa faɗa wa ɗansa ita ko da ya wuce goyo, don nuna so da lele, musamman autan gida. Daga baya ne, sama da shekara 100 da suka wuce, samarin Turawa suka ɗauke ta suka mayar da ita sunan da masoyi yake kiran masoyiyarsa, sannan mawaƙan Amurka da finafinan Hollywood suka yayata wannan ma'ana ta biyu a duniya. Ke nan tun kafin ta iso mana, kalmar tana ɗauke da kaya biyu a kanta.

Turawa suna da wasu kalmomin na yi wa yara lele. Akwai kid, wadda asalin ma'anarta ɗan akuya ne, kuma na tabbata da za ka ce wa ɗan wani “ɗan akuya” a tsakiyar garin Jega, ranar sai an raba ku. Akwai kuma munchkin, wadda ya kamata kowane ɗan fim ya san tarihinta. Wani marubuci Ba'amurke mai suna L. Frank Baum ne ya ƙirƙiro ta a littafinsa The Wonderful Wizard of Oz a 1900, a matsayin sunan wasu gajerun mutane na wata ƙasar almara. Da kamfanin MGM ya mayar da littafin fim a 1939, sai aka tara wadanni sama da 100, manyan mutane ne ba yara ba, suka fito a matsayin waɗannan halittu. Fim ɗin ya shiga zukatan mutane har ta kai yau uwa a Amurka takan rungumi ɗanta ta kira shi da wannan suna. Ka ga dai yadda littafi da fim suke cusa kalma a cikin ɗakin uwa. Sai dai duk waɗannan ba su samu gindin zama a wajenmu ba. Bebi ce kaɗai ta shigo ta shimfiɗa tabarma. Me ya sa?

Ƙofar farko da ta biyo ita ce ta asibiti. Kowa ya san Bahaushe ba ya bayyana sunan jariri sai ranar suna, wato bayan kwana bakwai. Ita kuwa malamar asibiti ba za ta jira rago ba, dole ta rubuta wani abu a kan kati tun a ranar haihuwa, don haka sai ta rubuta Baby, ta haɗa da sunan mai jego. Yayyen jaririya su ji ana cewa “a miƙo bebin,” su ma su kama. Kafin ranar suna ta zagayo, bakin yaran gida ya riga ya saba. Ƙofa ta biyu ita ce kasuwa. A da 'yan mata da kansu suke haɗa 'yar tsana da kara da tsumma, amma da ta roba ta zo sai aka raɗa mata “'yar bebi.” Ga kuma hoda da mai da sabulun da ake kai wa barka, irin su Cussons Baby da Johnson's Baby da Pears Baby, waɗanda in ka zaga kasuwar Jega za ka gan su jere a teburan masu kayan jarirai. Ko matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan kalma tana da alaƙa da jariri.

Amma fa duk wannan ba zai isa ya mayar da kalma sunan mutum ba, ba don ta tarar da ɗaki a buɗe yana jiran ta ba. Wannan ɗaki shi ne alkunya. Ni a Kimba aka haife ni, cikin ƙaramar hukumar Jega ta Jihar Kebbi, kuma na tashi na ga mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, sai dai ta ce “wannan yaron” ko “kai.” Haka kuma in aka mayar wa yaro sunan kakansa, to iyaye da matan gida ba su da bakin faɗin sunan nan gatsal, dole a nemo wanda za a sakaya da shi. Namiji ya zama Baba ko Abba ko Baffa, mace ta zama Inna ko Mama ko Uwani ko Hajiya. Da karatun Islamiyya ya yawaita sai aka ƙara da Ummi da Walida da Walid da Halifa da Amira. Da boko ya yi ƙarfi sai ga Momi da Dadi. A wannan layi Bebi ta shiga ta tsaya. Turanci ne a baki, amma aikin da take yi na Hausa ne tsantsa, wato kare mutuncin mai sunan. Wanda ya ce duk mai kiran 'yarsa Bebi yana kwaikwayon Nasara ne, bai fahimci gidan Bahaushe ba.

Za ka lura kuma mata ne suka fi cin gadon sunan, duk da cewa a Ingilishi babu ruwan kalmar da jinsi. Ina jin dalilin shi ne, uba ba ya so a ji ɗansa namiji ya girma da sunan da ke nuna laushi, ita kuwa 'ya mace ana ganin lele da shagwaɓa ado ne a gare ta. Takwarar kalmar ta maza kuma, wato boy, Turawan mulkin mallaka sun riga sun ɓata ta, ta zama boyi-boyi, yaron gida mai wanki da guga.

A gidanmu ma muna da tamu Bebin. Ƙanwata ce, autarmu, aka mayar mata da sunan kakarmu ta wajen uba. Watarana ina hutu daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, inda na yi difloma, muna zaune da tsohuwar a tsakar gida tana gyaran zogale, sai ta dube ni ta ce, “Kai maigida, tunda kai ka yi boko, wai mi aka nuhi da Bebin ga da kuka kiran takwarata?” Na ce, “Kaka, ai jinjira ke nan da Turanci.” Ta ajiye tiren ta riƙe haɓa, ta ce, “Ashe jinjira! To ran da tay yi jikoki hwa, jinjira za a ci gaba da ce mata?” Muka yi ta dariya. Ta ce ita dai tunda ba sunanta ake kira gatsal a gabanta ba, ba ta da ƙorafi, amma ita ba za ta taɓa faɗin wannan suna ba. Har Allah Ya karɓi ranta, “takwara” take ce mata, in sun yi faɗa kuma ta ce “kishiya.” Tambayar nan tata ta wasa ce, amma da na shiga aikin jarida na fara bin tarihin finafinai, sai na ga Indiyawa sun daɗe da ba ta amsa.

Ƙofa ta uku ke nan, wato finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu gidajen sinima suka fara kawo wa iyayenmu da kakanninmu tun wajejen shekarun 1950 da 1960. A al'adar masana'antar fim ta Indiya, in yarinya ƙarama ta fito a fim sai a liƙa mata Baby a gaban sunanta a jerin sunayen 'yan wasa, in yaro ne kuma a sa masa Master. Nargis, wadda ta fito a Mother India na 1957, fim ɗin da tsofaffin 'yan kallo a Arewa har gobe suke labarinsa, ta fara ne a 1935 da sunan Baby Nargis. Madhubala ta cikin Mughal-e-Azam ta fara da sunan Baby Mumtaz a fim ɗin Basant na 1942. Meena Kumari ta amsa Baby Meena. Neetu Singh, mahaifiyar Ranbir Kapoor da 'yan matan yanzu suke ji da shi, Baby Sonia ce a Do Kaliyan na 1968. Akwai Baby Naaz ta cikin Boot Polish na 1954, wadda har a bikin finafinai na Cannes da ke Faransa aka yaba wa wasanta a 1955, ga kuma Baby Guddu da ta cika finafinan shekarun 1980. Duk wanda ya saba karanta sunaye a farkon kaset ya ga wannan kalma ta wuce ta gabansa ba adadi, kuma kullum tana tare da yarinya mai kumatu da ke sa 'yan kallo hawaye.

Abin lura a nan shi ne, su Indiyawa rigar yarinta suka ɗauki kalmar, in yarinya ta girma sai a tuɓe mata. Ranar da Baby Mumtaz ta zama budurwa ta fara fitowa a jaruma, sai ta koma Madhubala. Baby Sonia ta koma Neetu Singh. Waɗanda sunan ya liƙe musu kaɗan ne, kamar Tabassum, wadda ta fara fim a 1947, ta shafe shekara 21 tana gabatar da shirin hira da 'yan fim a talbijin ɗin gwamnatin Indiya daga 1972 zuwa 1993, amma har ta rasu a watan Nuwamba na 2022 tana da shekara 78 mutane ba su daina ce mata Baby Tabassum ba. Mu kuwa a nan kusan kowace Bebi Tabassum ce. Mun ari rigar, mun manta ba mu tambayi ranar da ake cire ta ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba abin damuwa ba ne, domin mun saba da dattijo mai furfura ana ce masa Yaro ko Auta. Matsalar ta faro ne lokacin da ma'ana ta biyu ta biyo sahun ta farko. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daidai lokacin da finafinan soyayya masu waƙa da rawa suke tashe bayan nasarar Sangaya da Wasila da Mujadala. Saurayin da a da sai ya yi wanka ya je zance, ya tsaya a zaure yana sunkuyar da kai, sai ga shi ya samu hanyar tura saƙo da tsakar dare ba mai ganin fuskarsa. Abin da kunya ta hana shi faɗa da Hausa, sai ya faɗe shi da Turanci, domin kalmar aro ba ta da nauyi a baki. Marubutan littattafan soyayya suka ɗauka, masu rubuta labarin fim suka ɗauka, mawaƙa suka ɗauka. Sannu a hankali ya zama in ana so a nuna jarumi ɗan gayu ne, ɗan mai kuɗi, wanda ya yi karatu a waje, to sai an sa masa Bebi ko Honi ko Switi a baki. Da aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube, da kuma fassarar finafinan Indiya irin ta su Algaita, abin sai ya ƙara yawa, domin yanzu fim yana cikin aljihun kowane yaro.

Su kansu Indiyawa sun san kalmar tana da baki biyu, har fim suka yi a kan haka. Masu kallo za su tuna Heyy Babyy na 2007, wanda Sajid Khan ya ba da umarni, inda Akshay Kumar da Fardeen Khan da Riteish Deshmukh suka fito a matsayin gwauraye uku masu bin mata, sai aka wayi gari an ajiye musu jaririya a ƙofar gida. Duk barkwancin sunan fim ɗin a nan yake: kalmar da suke yaudarar 'yan mata da ita, ga mai ita ta asali ta zo tana kuka tana neman madara, kuma ita ce ta mayar da su mutanen kirki. Su sun yi wasa da ma'anonin biyu suna sane. Mu kuwa muna cakuɗa su ne a cikin gida ɗaya, a gaban yara, ba tare da mun tsaya mun yi tunani ba.

Na san wani zai ce, to ai mu ma Hausawa muna da irin wannan. Kaka mace tana ce wa jikanta namiji miji ko maigida ko ango, kamar yadda tawa take ce mini. Kaka namiji yana ce wa jikanyarsa amarya ko matata. Ashe ba kalmomin aure ne ake faɗa wa yara ba? Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma wasan kaka da jika yana da shinge. An san mai faɗa, an san wadda ake faɗa wa, an san a tsakar gida ake yi a gaban kowa. Babu wani baƙon namiji da zai tare yarinya a hanya ya ce mata “amaryata” a ce wasan jika yake yi. Ita kuwa Bebi ba ta da wannan shinge. Da ita uwa take kiran 'yarta ta zo ta ci tuwo, da ita kuma ɗan iskan bakin titi yake kiran duk macen da ta gifta.

Na ga illar wannan da idona. Lokacin da autarmu take da shekara goma sha uku, na raka ta kasuwa a Jega sayen takalmin makaranta. Na tsaya ciniki, ita kuma ta ɗan yi gaba. Sai wani saurayi da ke zaune a kan babur ya ce, “Bebi, ji mana.” Yarinya ta juya da sauri har da ɗan russunawa, ta nufe shi, don a tunaninta wani ɗan'uwa ne ko abokin yayyenta da ya san ta. Shi kuwa bai taɓa ganin ta ba, ya jefa ƙugiya ne kawai, sai ya ga kifi ya taho da kansa. Da ya hango ni na nufo su ya ta da babur ya yi gaba. A hanyar komawa gida ta tambaye ni, “Yaya, ina ya san sunana?” Na rasa ta inda zan fara yi mata bayanin cewa sunan da Inna take kiran ta da shi tun tana zanen goyo, a bakin wasu mazan wata magana ce daban. Tun daga ranar ta ce a daina kiran ta da shi a waje. Yarinyar da ake kira Ummi ko Walida ba za ta taɓa shiga irin wannan ruɗani ba.

Illa ta biyu ta takarda ce, kuma ita ma a danginmu ta faru. Wata 'yar ƙanen babana, a wajen Maiyama suke, yayanta ne ya kai ta firamare ranar farko. Malam ya tambayi suna, shi kuma yaro ya faɗi wanda ya sani, aka rubuta Bebi da sunan mahaifinta. Haka ta tafi da shi har sakandare, ba wanda ya kula. Da aka zo yin katin ɗan ƙasa, mahaifinta ya ba da sunanta na yanka, domin shi a wajensa shi ne suna. To, tun daga 2021 sai da lambar NIN ake rajistar jarabawar shiga jami'a, kuma dole sunan da ke takardun makaranta ya dace da na katin. Nan fa ido ya raina fata. Aka shiga zirga-zirgar takardar rantsuwa a kotu da sanarwar canjin suna a jarida, kuɗin mota kawai ya ci buhunan albasa, kafin a gama kuma lokacin rajista ya wuce. Shekara guda cur ta zauna a gida, ƙawayenta suka wuce jami'ar Aliero suka bar ta. A ƙauyukanmu kuwa kowa ya san abin da zaman shekara guda yake jawo wa budurwa: masu neman aure su fara sallama, maganar karatu ta bi ruwa. Ita Allah Ya taimake ta mahaifinta ya tsaya tsayin daka. Ba kowacce ke samun irin wannan uba ba.

Illa ta uku ba ta fito fili kamar waɗannan ba, amma ni tana ci mini rai. Sunayen da kakanninmu suke sakaya yara da su labari suke bayarwa. In ka ji Tanko ka san mata ya bi, in ka ji Kande ko Delu ka san maza ta bi. Gambo ya biyo tagwaye, Audi bai tarar da mahaifinsa ba, Talle maraya ne, Ajuji kuma uwarta ta sha binne 'ya'ya kafin ita ta tsaya. Lami da Balaraba da Jummai da Asabe suna faɗa maka ranar da suka zo duniya, Azumi da Tasalla suna faɗa maka watan, Anaruwa da Nomau suna faɗa maka damina ce. Na lele kuma ga su nan birjik: shalele, 'yar lele, 'yar gaban goshi, 'yar gata, autar mata. Amma Bebi me take faɗa maka game da mai ita? Cewa an taɓa haifar ta tana jaririya, kamar kowa. Abin takaici, a yawancin finafinanmu an raba sunayen nan gida biyu. Kande da Lami da Talatu su ne 'yan aiki da 'yan ƙauye da ake yi wa dariya, Bebi da Momi su ne 'ya'yan Alhaji masu hawa mota. Yarinyar da ta tashi tana kallon wannan a Kimba ko Aliero, wane suna kake jin za ta so a kira ta da shi?

Kada wani furodusa ya ce mini fim ba shi da wannan ƙarfi. Mu da muke cikin harkar mun fi kowa sanin suna linzami ne, kuma fim ya iya ɗaura shi. Marigayiya Hauwa Ali Dodo ta fito a Biba a cikin Ki Yarda Da Ni, har ta rasu a hatsarin mota a farkon 2010 mutane da yawa Biba Problem kawai suka sani. Marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ko a ƙauyen da ba wutar lantarki in ka ce Ibro an gane. Rukayya ta zama Dawayya, Jamila ta zama Nagudu, Shu'aibu Lawan ya zama Kumurci, duk ta dalilin fim. Masana'antar da ta iya canza wa babban mutum suna har ya bi shi kabari, ba za ta ce ba ta da tasiri a kan sunan da uwa za ta zaɓa wa jaririyarta ba.

To mene ne abin yi? Ni dai ba na cikin masu cewa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ta sa almakashi a kan kalma. Ba a korar kalma da doka, kuma Hausa ta daɗe tana aro tana narkarwa, daga Larabci zuwa Ingilishi. Roƙona ga marubuta labarin fim da mawaƙa ne. In jarumi zai yi wa budurwa magana, Hausa ba ta gaza ba: akwai masoyiya, akwai sahiba, akwai abar ƙauna, akwai rabin rai, akwai farin cikin zuciya. Mai rubutun da ya iya aikinsa zai sa saurayi ya faɗi ɗaya daga cikin waɗannan har 'yan kallo su ji tsigar jikinsu ta tashi, ba sai ya laɓe a bayan Turanci ba. A bar wa jarirai kalmarsu. Sannan a daure a riƙa ba Kande da Lami matsayin likita ko lauya ko matar gwamna a fim, ko sau ɗaya ne, mu ga abin da zai faru da sunayen nan bayan shekara biyar.

Ga iyaye da yayye kuma, musamman ku matasa masu karanta wannan mujalla da ake aike ku kai ƙanne makaranta: sunan lele na cikin gida ne, sunan yanka shi ne na takarda. Ranar da za a karɓi takardar haihuwa ko a sa yarinya a aji ɗaya, a tabbata sunan da aka yanka wa rago shi aka rubuta, kuma a rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. In alkunya ta hana uwa faɗa, ai ba ta hana ta aika wanda zai faɗa ba. Sannan a sanar da yarinya sunanta na gaskiya tun tana ƙarama, a gaya mata sunan wa ta ci da irin halin kirkin mai sunan, domin ta san tana da abin da za ta yi tinƙaho da shi. In ta fara girma, a yi koyi da Indiyawan da muka aro abin a wajensu, a tuɓe mata rigar yarinta a kira ta da sunan da zai dace da ita a ɗakin miji da wajen aiki da gaban jikokinta.

Ina kuma gaida dukkan Bebin da ke karanta wannan shafi, na Jega da Aliero da Maiyama da Birnin Kebbi, har zuwa Sakkwato da Kano da Maraɗi. Ba ku kuka zaɓa wa kanku sunan ba, so da kunya ne suka sa aka ba ku shi, kuma babu abin jin nauyi a cikinsa. Wadda take da labarin yadda ta samo nata, ko abin da ya taɓa jawo mata na daɗi ko akasin haka, ta rubuto wa Edita, filin wasiƙu a buɗe yake. Allah Ya raya mana ƙannenmu da 'ya'yanmu bisa tarbiyya, Ya jiƙan kakanninmu da muka ci sunayensu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.